Dekin ko rufin kwano: wanne ya fi jure gobara a jerin shaguna?

Alhaji, a kan shagunan da kake shirin yi wa rufi, tsakanin dekin, wato rufin kankare, da rufin kwano mai katako da silin roba, ni shawarata ita ce ka zuba dekin, ko da hakan zai sa aikin ya ɗan jinkirta.

Shagon da nake ajiye atamfa da shadda na dekin ne, amma jerin da ke manne da shi duk kwano ne a kan katako. Wani dare cikin hunturu wuta ta tashi daga wayar lantarki a shago na ƙarshe. Ba ta bi ta ƙofa ba, sama ta hau, ta shiga sararin da ke tsakanin silin da kwano, ta riƙa bin katakon rufi daga wannan shago zuwa wancan, domin bangon da ya raba su a silin ya tsaya, bai kai ga kwano ba. Da ta iso wurina sai ta tarar da bangon bulo mai inci 9 da ya haɗe da kankare, babu inda za ta kutsa. Da gari ya waye na buɗe ƙofa, na ga filastar bangon da ke wajen wutar ta tsattsage, fenti ya kumbura, kaya sun ɗauki warin hayaƙi, amma ko turmi ɗaya bai ƙone ba. Har yau ina yi wa maginin da ya yi mini wannan aiki addu'a.

Kankare ba ya cin wuta, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri, shi ya sa yake kare rodin da ke cikinsa. Ƙarfe tsirara kuwa, idan zafi ya kai kimanin digiri 550 zuwa 600, rabin ƙarfinsa ya tafi, sai ya fara lanƙwasa, alhali wutar shagon da ke cike da yadi tana wuce wannan zafin. Dekin mai kaurin inci 6, wanda aka bar kankare kusan inci 1 tsakanin rodi da fuskarsa, yana iya ɗaukar kimanin awa 2 yana riƙe da kansa. Wannan lokacin shi ne abin da 'yan kwana-kwana suke buƙata. A Amurka ma, inda aka kasa gine-gine gida 5 bisa juriyarsu ga wuta, ginin kankare ne a aji na farko, ginin katako zalla a na biyar, kuma da wannan rabe-raben ma'aikatan kashe gobara suke auna ko za su shiga gini ko su tsaya daga waje.

Rufin kwano yana da araha, ana kuma gama shi da wuri, iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Wuta tana ɓuya a bayan silin inda ba a ganinta, ruwan da ake fesawa daga waje yana zamewa a kan kwanon ba tare da ya kai gare ta ba, katako yana cinyewa rufin ya rufto a kan duk wanda ke ƙasa. Silin roba kuma narkewa yake yi yana ɗiga, hayaƙinsa mai guba ne da ke ƙona maƙogwaro da huhu, kuma a gobara hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Duk wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sabon Gari ta Kano a shekarar 2016, inda dubban shaguna suka ƙone, ya san yadda wuta take gudu idan shaguna suka haɗa rufi.

Shi ma dekin yana da nasa. Idan wutar daga cikin shagonka ta tashi, zafi da hayaƙi ba su da mafita, ɗakin sai ya koma kamar tanderu, don haka ka bar tagogin iska a sama, kuma kada ka yi ƙarfen taga wanda ba ya buɗuwa daga ciki. Bayan gobara mai tsanani, idan kankare ya fara ɓarewa har rodi ya bayyana, kada kowa ya kwana ko ya ɗora kaya sai injiniya ya duba.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da kayan gini marasa tsoron Allah. Akwai mai ba ka rodin da bai cika ba ya ce mai lamba 12 ne, akwai mai bulon da yashi ya fi ƙarfin siminti har kana iya murƙushe gefensa da yatsa, akwai kuma mai kawo farin soso a shafe shi da fenti a ce maka silin POP ne, alhali na gaskiya ba ya kamawa, soson kuwa narkewa yake yi ya ƙara wa wuta ƙarfi. Ka sa a auna rodin a gabanka, kuma ranar zubi ka tsaya da kanka ka ga an ɗaga shi daga kan katako, domin rodin da ya kwanta a ƙasa ba shi da kankaren da zai kare shi.

Idan kuɗi suka gaza dole sai kwano, to a sa POP na gaskiya, a kai kowane bangon tsakani har ya zarce kwanon, wayar lantarki kuma a bi da ita ta cikin bututu. Amma idan Allah Ya hore, dekin za ka zuba.