Kurkum da zogale, ko maganin nan na Amurka?

Hajiya, na karanta tambayarki kan 'ya'yan ƙaninki biyu da ke tangaɗi in suna tafiya, har harshen babban ya fara nauyi, ga iyayen auren zumunci. Kin ce mai maganin unguwarku a Gombe ya haɗa muku kurkum da garin zogale, ya ce maganin Turawan ma, wato Skyclarys na Amurka, daga ganye aka tato shi. To, wanne ya fi?

Maganarsa da ƙamshin gaskiya. Ki gutsiri farin goro ki ajiye, kafin ki juya gurbin haƙorin ya yi ja, don iska ta taɓa shi. Irin wannan tsatsa ce ke cin jijiyoyi a cutar gado da ake kira ataksiyar Friedreich, inda jiki ke kasa samar da isasshen furotin mai suna frataxin. Duka magungunan biyu tsatsar nan suke hari, amma daga nan suka raba hanya.

Na Amurkan, Skyclarys, tushensa wani sinadari ne da ake samu a ganyen zaitun, sai dai an sake masa gini a ɗakin bincike. An gwada shi kan mutum kusan 100 tsawon mako 48, rabi na shan sa, rabi na shan ƙwayar da babu komai ciki, ba wanda ya san nasa. Masu shan maganin sun fi sauran da tazarar maki 2.4, a ma'aunin tsananin cutar mai maki sama da 90. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga 'yan shekara 16 zuwa sama. Ba ya warkarwa, rage wa cutar gudu yake yi, kuma dole a riƙa auna hanta. Kuɗinsa kuwa, da ya fito a 2023 wajen dala 370,000 ne a shekara. Mu bar wannan zancen.

Kurkum a jikin ɓera da kwalbar gwaji gwani ne. A cikin mutum, hanji ba ya tsotsar abin kirki, ɗan da ya shiga ma hanta ta kore shi. Shi ya sa ake haɗa shi da masoro, kuma irin wannan haɗi a kafso ya sha taɓa hantar mutane. Ɗan'uwansa na ɓawon inabi, resberatirol, an gwada shi a Ostareliya, giram 5 kullum na mako 12: frataxin bai ƙaru ba, gudawa ta dami masu sha. Zogale kam abinci ne, a ci gaba da kwaɗo da ƙuli-ƙuli.

Abin da ya fi damuna shi ne ba a san sunan ciwon ba tukuna. Friedreich da ƙyar ake ganin ta a baƙar fatar kudu da Sahara. Akwai wata ataksiyar gado mai kama da ita sak, ƙarancin bitamin E ke jawo ta, kuma bitamin ɗin kan tsayar da ita in an fara da wuri. Akwai cutar Wilson, tagulla ce ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa, ita ma da maganinta.

Ki sa ƙanin naki ya kai su Asibitin Koyarwa na Tarayya, ya nemi likitan jijiyoyi, ya tafi da ƙullin maganin a nuna masa. In kuma idon yaro ya fara rawaya, a dakatar da haɗin a ranar.