Wata takwas da sandar Thrustmaster T.16000M: yadda na ɗaura maɓallanta, da abin da na daina yi

Ina gyaran kwamfuta a Jos, kuma tun ina sakandare nake son tuƙin jirgin sama. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ce burina a wancan lokaci, Allah bai nufa ba. Abin da ya rage mini shi ne manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, Microsoft Flight Simulator na 2020, a kan kwamfutar da na harhaɗa da hannuna, kuma shekara biyu na yi ina tashi da sauka da kibod da linzami kawai. Duk wanda ya gwada ya san wahalar: ka danna kibiya jirgi ya karkata gaba ɗaya, ka saki ya ƙi dawowa daidai. Da wani abokin sana'a zai je Abuja sayen kaya, na ba shi saƙon sandar tuƙi, ya dawo mini da Thrustmaster T.16000M FCS. Ba ta yi arha ba, sai da na yi wata uku ina tari.

Ita kanta sandar ba ni da ƙorafi a kanta. Tana da maɓalli 16: huɗu a kai inda yatsu suke, goma sha biyu a gindi, shida ta kowane gefe. Akwai ɗan maɓallin babban yatsa mai juyawa fuska takwas, wanda nake waige-waige da shi a cikin jirgi. Akwai ɗan totur mai zamewa a ƙasa, sannan kana murɗa sandar dama ko hagu don juya jelar jirgi. Abin da ya sa na zaɓe ta shi ne motsin gaba da baya da na gefe da maganaɗisu ake auna shi, ba wani ƙarfe da ke goguwa yana cinyewa. A hannu ana jin haka. Idan na matsa ta kamar faɗin ƙwayar shinkafa, hancin ƙaramin jirgin Cessna 172 yana amsawa daidai gwargwado. Maɓallan gindi suna da ɗige-ɗige da ramuka da yatsa ke ganewa ba sai ka duba ba, wanda ya yi mini amfani sosai don da dare nake tashi, fitila a kashe saboda yara. Ana kuma iya sauya ta ta koma ta bahago. Toturin gajere ne, wannan gaskiya ce, sai ka koya wa yatsa haƙuri kafin ka iya tsayar da injin inda kake so.

Inda na sha wahala shi ne ɗaura maɓallan, kuma laifina ne. Hanya biyu ce. Ko ka shiga saitin manhajar tuƙin ka ce mata maɓalli na 5 shi ne na fito da tayoyin jirgi da mayar da su, ita da sandar su riƙa magana kai tsaye. Ko ka sa wata manhaja a tsakani, irin JoyToKey ko T.A.R.G.E.T ta kamfanin Thrustmaster, wadda idan ka danna maɓalli na 5 za ta yi wa kwamfuta kamar ka danna harafin G a kibod. Ni da na shekara biyu a kan kibod, na haddace komai: G tayoyi, F5 zuwa F8 filaf (faifan bayan fiffike da ake saukewa idan za a sauka), Z matuƙi mai sarrafa kansa. Sai na ga hanya ta biyu ta fi mini sauƙi, in kwashe abin da ke kaina in zuba a sanda. Na yi haka a dare ɗaya da JoyToKey, na ji daɗi.

Sati biyu bayan nan na tashi daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang zuwa Abuja da ƙaramin jirgin Bonanza G36. Tafiya ce ta kusan mil 100 na jirgi, ina yawan yin ta don tana koya wa mutum saukowa: filin Jos yana sama da ƙafa 4,200 daga teku, na Nnamdi Azikiwe kuwa bai fi ƙafa 1,100 da ɗoriya ba, dole ka fara rage tsawo da wuri. Taswirar Little Navmap tana buɗe a ƙaramin allo na gefe. Na kai linzami na taɓa ta don in duba nisan da ya rage zuwa titin saukar jirgi na Abuja mai lamba 22, na dawo da idona gaba, na danna maɓallin tayoyi. Babu ƙara, fitilu uku masu kore da ke nuna tayoyi sun fito ba su kama ba. Na sake dannawa, shiru. Filaf ma ya ƙi sauka. Amma sandar tana aiki, totur yana aiki. Na tura totur na sake zagayawa, zuciyata tana bugawa kamar da gaske.

Abin da ya faru shi ne, harafin kibod yana zuwa ne ga tagar da take gaba, wadda ka taɓa ƙarshe. Da na taɓa taswira, duk G ɗin da nake aikawa wurinta yake tafiya, jirgin bai ji komai ba. Motsin sanda da totur kuwa kai tsaye manhajar tuƙi take karanta su, shi ya sa ba su yanke ba. A shago ina faɗa wa mutane irin wannan kullum game da kibod, amma ban kawo shi a raina ba da sanda a hannuna.

Na biyu ya fi ɓoyewa. Ɗan yayata mai shekara goma sha huɗu yana zuwa ran Asabar mu tashi tare. Wata rana yana kan kujera ya ce, "Kawu, tayar tana fara fitowa sai ta koma." Na ce ya matsa in gani. Ashe bayan abin da ya faru a hanyar Abuja na ɗaura wannan maɓallin a kan tayoyi a cikin saitin manhajar, na manta ban cire masa G ta JoyToKey ba. Dannawa ɗaya, umarni biyu: ɗaya ya ce fito, ɗaya ya ce koma. JoyToKey ba ta ɓoye sandar, don haka manhajar tuƙi tana jin maɓallin tana kuma jin harafin. Wani lokaci ɗaya ya riga ɗaya a samu sa'a, wani lokaci su kashe juna. Awa biyu na yi ina zargin wayar USB kafin na gano.

Na gwada T.A.R.G.E.T ma, kuma tana da ƙarfi ƙwarai. Idan ka kunna tsarin da ka haɗa, takan ɓoye sandar ta gaske ta fito da wata ta cikin kwamfuta mai suna Thrustmaster Combined, don haka matsalar umarni biyu ba ta tasowa. Tana barinka ka zaɓi ko maɓalli ya aika bugu ɗaya ko ya riƙe harafin muddin yatsanka na kai, kuma wannan bambancin yana da muhimmanci: birki riƙewa yake so, tayoyi bugu ɗaya. Kana iya mai da maɓalli ɗaya mabuɗin sauran, su 16 su yi aikin ninkinsu. Sai dai ga manhajar tuƙi wannan sabuwar na'ura ce, sai ka sake ɗaura mata komai, kuma dole ka tuna kunna tsarin kafin ka buɗe wasan. A garin da ake ɗauke wuta kana tsakiyar sama, ka tashi kwamfuta ka sake bin matakai uku kafin ka koma kujerar direba, abin yana gajiyarwa. Mai tuƙa jiragen yaƙi masu maɓallai barkatai zai more ta. Ni mai Cessna da Bonanza ta fi ƙarfin buƙatata.

Don haka na goge komai na fara daga tushe. Na danna Windows da R na rubuta joy.cpl, na bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya ina ganin lambar kowanne tana kamawa, na zana gindin sandar a bayan wata tsohuwar takardar rasit na rubuta lambobin. Takardar tana manne a jikin allo har yau. Sannan na shiga saitin manhajar, na kwafi tsarin da ta zo da shi na ba shi sabon suna. Kunamar gaba ta zama birki. Maɓallai biyu na gefen babban yatsa suka zama tirim, wato daidaita hancin jirgi ya tsaya inda kake so, hanci sama da hanci ƙasa, don shi ne abin da na fi taɓawa a duk tafiya. Filaf da tayoyi da birkin ajiya suka koma gindi ta hagu, inda hannuna na hagu yake kwance kusa da totur. Murɗin sanda na ba shi ɗan gurbin shiru a tsakiya, inda ƙaramin motsi ba ya yin komai, saboda idan ina karkata jirgi hannuna yakan murɗa ba da sanina ba, jela ta riƙa wasa. Duk wannan minti arba'in ya ɗauka.

JoyToKey ban cire ta ba. Na bar mata maɓalli biyu na can ƙarshen dama, waɗanda na tabbatar babu komai a kansu a cikin manhajar tuƙi. Ɗaya yana danna Windows da PrtScn ya ajiye mini hoton allo, ɗayan Windows da Alt da R ya fara ɗaukar bidiyo. Waɗannan aikin Windows ne, saitin jirgi bai san da su ba, nan ne kwaikwayon kibod yake da wurin zama. Da shi na ɗauki hoton duwatsun Shere da hantsi, rana tana bugun fiffike, wanda yanzu yake fuskar wayata.

Wanda zai saya, ya sani teburi mai santsi yana sa gindinta zamewa idan ka ja da ƙarfi. Ni tabarmar linzami babba na shimfiɗa mata. Ya kuma rufe ta idan ya gama, musamman da hunturu, don ƙurar Jos tana shiga ko'ina. Tsohuwar hular sanyi nake kifa mata.

Asabar da ta wuce yaron ya yi tafiyar Heipang zuwa Abuja shi kaɗai, ina zaune a baya da kofin shayi. Ya taɓa taswira sau huɗu a hanya. Da ya daidaita da titi na 22 ya kai hannun hagu ba tare da ya duba ba, ya laluba ɗigon, ya danna. Fitilu uku suka kama kore. Ya sauka da ɗan ƙarfi, tayar hagu ta riga ta dama taɓa ƙasa, sai ya juyo ya ce, "Kawu, mako mai zuwa Kano za mu."