Ɓera mai rai ko daskararre: wanne ya dace da macijin bulsinek?

Masu kiwon bulsinek, macijin Arewacin Amurka marar dafi wanda tsawonsa kan kai mita 2, suna yawan tambayar wanne ya fi. Daskararren ɓera ya fi araha idan aka saya da yawa, yana daɗewa a firiza, kuma ba ya cizo, sai dai wajibi ne a narkar da shi ya yi ɗumi. Mai rai kuwa yana tayar da sha'awar farauta, amma haƙoransa na iya raunata macijin, abin da nake matuƙar tsoro. Girman macijin ya dogara ne da yawan ciyarwa, kuma babba kan wadatu da ci ɗaya cikin kwana 10 zuwa 14. Daskararre ya dace da mai wutar lantarki tsayayya, mai rai kuma da macijin da ya ƙi cin matacce, muddin ana sa ido.