Karan alkama, sassaƙe ko curarriyar dusar katako: sharhi kan shimfiɗar barga da ɗakin haihuwar goɗiya

Na yi aiki da karan alkama, da sassaƙen katako mai laushi, da kuma dusar katakon nan da ake matsewa ta zama ƙananan curi a cikin buhu. Hukuncina shi ne curarriyar dusa ta fi sauran biyun a bargar yau da kullum, amma ba zan sa ta a ƙarƙashin goɗiyar da ke gab da haihuwa ba. Can wurin karan alkama ne, duk da wahalar da ke tattare da shi.

Dokin da ya kai kilo 500 yakan zubar da kashi kusan kilo 15 a yini, da fitsari wajen lita 8 zuwa 10. Kashin ba shi ne matsala ba, ana kwashe shi. Fitsarin ne ke rikiɗewa ya zama amoniya, iskar nan mai yaji da ke sa ido ruwa, kuma a ƙasa-ƙasa ta fi taruwa, daidai inda hancin doki yake idan ya kwanta. Shi ya sa ba a tsaye nake gwada barga ba. A durƙusa, a kai hanci kamar taƙi ɗaya daga shimfiɗar, a shaƙa. Idan ya yi yaji, shimfiɗar ta gaza komai kyanta a ido.

A wannan gwajin curarriyar dusa ce kan gaba. Buhunta yakan zo da kilo 15 zuwa 18. Ga barga mai mita 3.6 tsawo da faɗi, wadda aka sa wa tabarmar roba, buhu shida zuwa takwas sun isa farawa, sai a riƙa ƙara ɗaya ko biyu a mako. Ana tsaga buhun ta sama, a zuba ruwa kamar lita huɗu zuwa biyar, a bar shi minti ashirin ya kumbura ya wargaje, sannan a baje. Fitsari yakan tsaya wuri ɗaya ya dunƙule, shebur ɗaya ya ɗauke shi, kashi kuma manjagara mai ƙananan haƙora ta tace shi ba tare da an yi asarar busasshiyar dusa ba. Abin da ake turawa juji a baro bai kai na kara ba ko kusa.

Aibinta biyu ne. Idan aka zuba ta ba a jiƙa ba, curin yana gangarawa a ƙarƙashin kofato, wani dokin ma ya ɗauka abinci ne ya ci. Idan kuma ta daɗe ana tattaka ta a lokacin rani, sai ta koma gari ta fara tada ƙura, dole a riƙa yayyafa mata ruwa sama-sama. Kuma kada arha ta ja mutum ya sayi irin wadda aka yi don hura wuta. Kamanninsu ɗaya, amma ta wuta ana iya haɗa ta da kowane irin itace.

Sassaƙe yana tsaka-tsaki. Mai manyan fallaye ya fi taushi da ƙarancin ƙura amma bai cika shan ruwa ba, ƙanana sun fi sha amma sun fi ƙura. Kaurin santimita 10 zuwa 15 ya wadatar a kan roba. A nan ba irin sassaƙen ne abin tsoro ba, itacen da aka sassaƙa ne. Baƙin walnot, wanda ke fitowa a Arewacin Amurka kuma masu yin kayan ɗaki ke so, guba ne ga doki. Ko kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na shimfiɗar ne kawai, kafin awa 24 ƙafafu sun kumbura, kofato ya ɗau zafi, doki ya tsaya yana jingina nauyinsa baya saboda naman cikin kofaton ya kumbura. Idan aka ga fallaye masu duhu a cikin farin sassaƙe, a fitar da dokin nan take, a wanke ƙafafunsa, a sa su cikin ruwan sanyi, a kira likitan dabbobi. Saboda haka ba na karɓar sharar shagon kafinta ko kyauta ce, domin ban da gaurayen itace akwai ƙusa, da garin katakon da aka haɗa da gam, da wanda aka yi wa maganin gara. Na fi yarda da sassaƙen itacen fayin (pine) da aka busar a inji, aka tace ƙurarsa, aka rubuta sunan itacen a jikin ledar. Ɗanyar dusa daga injin yankan katako kuwa danshinta yana renon ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella, masu iya shiga mahaifar goɗiya ko cibiyar jariri.

Wannan ya kawo mu ɗakin haihuwa, inda lissafin ya juye gaba ɗaya. Ɗan goɗiya yana faɗowa jiƙe sharkaf, hancinsa a ƙasa, yana jan numfashin farko da ƙarfi. Duk wani abu mai gari zai manne masa a hanci da ido da ɗanyar cibiya, ya manne wa uwar a gaba da nono, ya kuma bi hannun mai taimako ya shiga ciki idan haihuwa ta zo da gardama. Dogon kara ba ya haka. Ba ya mannewa, ruwan faya yana bi ta tsakaninsa ya sauka ƙasa ya bar saman a bushe, kuma idan jaririn ya fara kokawar tashi, yana faɗuwa yana sakewa, ƙafarsa tana samun abin kamawa. Ana so ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. Santsin ƙasa kaɗai yana iya jinkirta shan dakashi, alhali hanjinsa ya fi karɓar garkuwar da ke cikin dakashin a sa'o'in farko, kafin awa 24 kuma ƙofar ta rufe. Ko duba mabiyiya don a tabbatar ba ta bar yanki a ciki ba ya fi sauƙi idan ba ta birkiɗa cikin dusa ba.

Ɗakin kada ya gaza mita 4.2 kowane gefe. A kwashe komai, a wanke daɓe da bango da sabulu tukuna, domin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan dauɗa, sannan a fesa maganin a bar shi ya bushe ƙarau. A shimfiɗa tabarmar roba mai kaurin milimita 17 zuwa 19, a tabbatar bakunanta sun haɗu, don fitsarin da ya shige ƙarƙashi ba ya fita. A warware karan da hannu a karkaɗe shi, ya kai kaurin santimita 20 zuwa 30, a tada shi ya fi haka a jikin bango. Gwajin kauri mai sauƙi ne: a soka manjagara da ƙarfi, idan an ji ta daki daɓe, a ƙara. Cikin goɗiya yakan kai kwana 340, amma yana iya gaza haka ko ya wuce da mako biyu zuwa uku, don haka a dawo da ita wurin da za ta haihu mako huɗu zuwa shida kafin lokaci, jikinta ya saba da ƙwayoyin cutar wurin ya zuba garkuwarsu a dakashi.

Ba kowane kara ba ne kuma. Na hatsin ot yana da daɗin ci, goɗiya za ta cinye gadonta, kuma yawan cin kara yana ƙulle ciki. Na sha'ir yana da ƙaiƙayi mai tsini da ke sukar ido da dasashi. Na alkama ya fi tauri, bai cika jan hankalin doki ba, muddin an sussuke shi da kyau ba a bar zangarniya da ƙwaya ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne amfani da tsohuwar ciyawar feskiyu, wata irin ciyawar kiwo, a matsayin shimfiɗa, ko karan hatsin da ya kamu da cutar ergot, wadda ake gane ta da baƙaƙen ƙwayoyi dogaye a zangarniya. Dukansu suna iya sa ciki ya wuce lokaci, mabiyiya ta yi kauri, nono ya ƙi kawo ruwa.

Wajen saye, kada a yarda da damin da mai kaya ya zaɓo. A ciro ɗaya daga tsakiyar tarin a kwance shi. Mai kyau launinsa ruwan zinare ne mai sheƙi, yana ƙara idan an murɗe shi, ba shi da wari. Idan ya yi toka-toka, ko fallayensa sun manne da juna, ko farin hayaƙi ya tashi da aka girgiza shi a hasken rana, funfuna ce, a bar shi. Dami mai nauyi fiye da 'yan uwansa ko mai ɗumi a ciki an ɗaure shi da danshi, kuma irinsa har gobara yake tayarwa a ma'aji. A tambayi wane hatsi ne, ko ruwa ya dake shi bayan girbi, da inda aka ajiye shi. Ya fi kyau a sayi na dukan lokacin haihuwa daga gona ɗaya, a jera shi a kan katako nesa da ƙasa, ƙarƙashin rufi, inda ɓera da tsuntsu ba sa yi masa kashi.

Gaskiyar magana, kara bai iya shan fitsari ba, kuma ko mai kyau ya fi sassaƙe ƙura, shi ya sa ba na ba da shawararsa ga doki mai asma. Irin wannan dokin tatattun sassaƙe ko yankakken kwali ya fi masa. A ɗakin haihuwa ana rufe giɓin rashin shan fitsarin da aiki: a kwashe kashi da jiƙaƙƙen kara safe da yamma, a barbaɗa garin dutsen farar ƙasa na noma ko ziyolayit, wani garin ma'adini mai shanye danshi da amoniya, a inda ya jiƙe kafin a mayar da sabo. Ban da ƙonanniyar farar ƙasa ta gini, tana ƙona fata da ido. Da zarar an haihu a kwashe duk abin da jini da ruwa suka taɓa, a tsoma cibiyar cikin ruwan kulohezidin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100. Idan cibiya ta bushe ta faɗi, yawanci bayan mako ɗaya zuwa biyu, ana iya mayar da uwa da ɗa kan manyan sassaƙe, amma a sa ido kwanakin farko, don wasu 'ya'yan sukan ɗanɗana duk abin da ke ƙarƙashinsu.