Kwalaben ganyen shayi masu murfin gora: damina ta tona musu asiri

Uku ne a saitin, na gilashi, murfinsu na gora da zoben roba a baki. Duk wadda ke guruf ɗin kayan kicin a nan Kaduna ta san su, kuma duk mai tallar da ta ɗora su sai ta rubuta wai iska ba ta shiga. Wannan maganar ce ta sa na saya, don ni ba ado nake nema ba. Gidanmu gidan shayi ne. Maigida ba ya shan na 'yar jaka, sai ganye zube: baƙi na Mambila da ƙaninsa ke aiko mana daga Gembu, da koren ganyen Sin na dafa ataya.

Da hunturu na saye su, kuma na yaba ƙwarai, har na tura wa yayata lambar matar da ta sayar mini. To amma hunturun Kaduna ai ko a takarda ka ƙunshe ganye ba abin da zai same shi, iskar a bushe take ƙayau. Sai da ruwa ya zauna aka san abin da suke.

Cikin Agusta Baban maigida ya zo daga Zariya ya sauka a wurinmu. Mutum ne mai son shayinsa, shi ya koya wa 'ya'yansa sha. Bayan Magariba na tashi in dafa masa na Mambilan, ina buɗe kwalbar na ji ganyen ya yi laushi. Ganyen da in ka murza shi yake karyewa ƙaras, yanzu ya dunƙule yana manne wa cokali. Ruwa ya riga ya tafasa, baƙo na jira, na zuba citta da kanumfari na kai. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya sake kurɓa, ya ajiye kofin ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Bai ƙara taɓawa ba. Da na ɗanɗana a kicin sai na ji warin daddawa a ƙasan shayin, ga wani gafi kamar na tsohon buhu. Daddawar nan a ƙulle take cikin leda, a wani hawa daban na kabad ɗin. Wallahi ranar barci bai zo mini da wuri ba.

Washegari na juya murfin na duba. Goran ya sha laima ya kumbura, ya tsage ta gefe, zoben robar ya saki yana yawo, ga ɗigo-ɗigon funfuna a ƙarƙashinsa. Shi kuwa ganyen shayi a masana'anta ana busar da shi ne har ruwan jikinsa ya koma kusan kashi 3 cikin 100, shi ya sa yake zuƙar duk danshi da duk warin da ya samu. Ƙofa kaɗan yake so. Murfin da ke kumbura da damina ya riga ya kasa aikin da aka saye shi dominsa. Koren ganyen ma bai tsira ba, gilashin ya bar haske ya cinye shi, ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, atayar ba ƙamshi sai ɗaci.

Na kira matar na faɗa mata. Ta ce, "Hajiya, ai ba a wanke murfin da ruwa." Ban taɓa wanke shi ba. Sai ta ce to in riƙa sa su a firij. Firij, inda kifi da miya suke, ga wuta da ake kawowa ana ɗaukewa? Duk lokacin da aka fito da kwalba mai sanyi cikin ɗumi sai ta yi gumi, gumin nan kuma a kan ganyen zai ƙare.

In za a faɗi gaskiya, gilashin kansa ba shi da laifi. Yana da kauri, ba ya riƙe wari, bakinsa da faɗi hannu na shiga. Ɗaya daga cikin ukun murfinta lafiya lau har yau, na zuba masoro da kimba a ciki. Don kayan yaji da ake ɗiba kullum, ba zan hana kowa saye ba. Amma in na tuna ganyen da na zubar, wanda ya yi doguwar tafiya daga Taraba kafin ya iso hannuna, sai raina ya sake ɓaci. Da an rubuta kwalaben ado ne, da ban zuba shayi ba.

Yanzu tsohon gwangwanin madara nake amfani da shi, na wanke na shanya a rana har ƙamshin madarar ya fita. Ganyen na cikin jakarsa mai ƙyalli, a matse iska a naɗe baki, sannan a rufe gwangwanin, nesa da risho da turaren wuta. Na sati nake ɗiba a ƙaramin gwangwani da busasshen cokali, don kada a yi ta buɗe babban. A haka baƙin kan kai shekara 2, koren kuwa gara a shanye shi kafin ya shekara. Matar ta yi alkawarin canja mini murfi biyu in sabon kaya ya iso, har yanzu shiru, saƙona ma ta daina buɗewa.