Bawul ɗin PCV na Toyota Corolla: na asali ya cancanci kuɗinsa

Wannan ɗan bawul da bai wuce tsawon yatsa ba, mai fitar da gurɓatacciyar iska daga ƙasan inji, yana ɗaure ne a murfin saman injin 1ZZ-FE, wanda ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008. Lambar na asali 12204-22051. A kasuwar kayan mota kamar Ƙofar Ruwa ta Kano za a nuna maka shi tare da jabunsa mai araha, kuma a ido da wuya ka bambanta su.

Duk lokacin da fetur ya ƙone a saman fistin, wani ɓangare na iskar yakan silale ta gefen zoben fistin zuwa ƙasan inji, inda baƙin mai yake. Iskar na ɗauke da tururin ruwa da fetur da bai ƙone ba. In ta zauna a can sai ta lalata mai, ta kuma takura sil da gaskit. Shi ya sa aka yi tiyo biyu: ɗaya na shigo da iska mai tsabta daga bayan matatar iska, ɗayan na zuƙe gurɓatacciyar ta cikin bawul ɗin zuwa manifol, wato bututun da ke kai wa inji iska, inji ya sake ƙona ta.

A cikin bawul ɗin akwai ɗan ƙarfe mai motsi da sifirin. Idan mota na silo, zuƙar manifol na da ƙarfi, sai ta ja ƙarfen ya kusa toshe hanya. Da an taka totur zuƙar ta ragu, sifirin ya tura shi baya, hanya ta buɗe. A nan na asali ya yi fice, domin an auna ƙarfin sifirinsa daidai da wannan injin. Na jabu yakan zo da sifirin mai laushi ko mai tauri fiye da kima, kuma ba za ka gane ba sai mota ta fara nuna alama.

In ya maƙale a buɗe, silo zai riƙa rawa, mota ta sha baƙin mai, wani lokaci na'urar bincike ta nuna lambar matsala P0171, wato iska ta fi fetur yawa fiye da kima. In ya toshe, mai zai fara tsatsafowa ta gaskit ɗin murfi, ka kuma tarar da shi a cikin tiyon iska. Motar da ke yini a cunkoso ko gajerun tafiye-tafiye ta fi saurin toshe shi da dauɗa.

Sauya shi aikin 'yan mintuna ne. A bar inji ya huce, a cire murfin roba, a zare tiyo, a kwance bawul da sifana mai lamba 22. Sabon a fara ɗaura shi da hannu, kada a matse da ƙarfin tsiya, don zaren murfin saman injin na iya cinyewa. Tiyon ma a duba shi. In ya bushe ya tsage, iska za ta shiga ta nan ko da bawul sabo ne.

Kanikawa da yawa girgiza bawul ɗin kawai suke yi, in ya yi ƙara su ce lafiya lau. Wannan bai isa ba, domin mai mataccen sifirin ma yana ƙara. A hura ta ɓangaren zare, iska ta wuce cikin sauƙi. A hura ta ɓangaren tiyo, ta wuce da ƙyar.

Sai dai kada mai mota ya ɗora masa abin da ba zai iya ba. Injin da zoben fistinsa ya ci ko ya maƙale zai ci gaba da shan mai da fitar da shuɗin hayaƙi, ko an sa masa bawul na asali.