Awon ciki da haihuwa a ƙaramin asibitin unguwarmu na Agege

Masu ta tambayata a WhatsApp wai ina na yi awo kuma ya nas ɗin wurin suke, bari in amsa muku gaba ɗaya. Ƙaramin asibitin gwamnati ne na cikin unguwa nan Agege, kuma gaskiya ni dai ungozomomin wurin sun burge ni duk da akwai abin da ya ɓata min rai.

Layi kam akwai shi, in ba ki fito da sassafe kin ajiye katinki ba to sai azahar ta same ki a kan benci. Sannan bayanin da suke yi kafin a fara awo duk da Yarbanci ne da burokin, har da waƙa da tafi, mu da muka daɗe a Legas muna tsintar abin da ake faɗi amma amaren da aka kawo daga Kano ko Katsina sai dai su yi ta kallo, wallahi abin yana damuna don bayanin nan shi ne rabin awon. Akwai kuma wata nas guda mai tsawa, ita kam ban ji daɗinta ba.

Amma aiki suna yinsa tsakani da Allah. Ba ranar da na je ba a auna min hawan jini ba, a duba fitsari, a saurari bugun zuciyar yaro, ga maganin ƙarin jini, ga allurar tetanus, shi kuwa maganin kariya daga maleriya a gabansu za ki haɗiye don sun san halinmu na jefa shi cikin jaka. Wata baiwar Allah da muke zama tare ta zo ƙafafu sun kumbura tana ciwon kai ido na mata duhu-duhu, babbar nas ɗin tana auna ta ko minti biyar ba ta ɓata ba ta rubuta mata takarda zuwa Ayinke House, sashen haihuwa na asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) a Ikeja, ta ce wa mijin yau ɗin nan ba gobe ba. Irin wannan ne ke zama jijjiga in an zauna a gida ana cewa ai kumburin ciki ne. Abin da ya sa na yarda da su ke nan, sun san inda ƙarfinsu ya tsaya ba sa riƙe mace don kar a ce sun kasa.

Ranar naƙuda da dare na je kuma mace ce ta karɓe ni, don na san da yawa mazajenmu abin da suke fara tambaya ke nan. Ana haihuwa suka ɗora min jaririyar a ƙirji suka ce in ba ta nonon farko kar a zubar, aka yi mata BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon foliyo da ta ciwon hanta, suka ce in dawo sati 6 sai 10 sai 14. Cibiya kuma suka ce man chlorhexidine mai kashe ƙwayoyin cuta kawai, ba gashi da tsumma ba man goge baki.

Inda aka ɗan ja shi ne da Inna ta zo daga gida da shirin wankan jego. Nas ɗin ta zaunar da ita cikin ladabi ni ina fassara, ta ce a yi wanka amma da ruwa mai ɗumi ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuma a rage sosai don kanwa da yawa tana sa jiki ya tara ruwa zuciya ta wahala. Inna ta yi ɗan ƙorafinta amma ta yarda.

In za ki je ki yi rajista tun ciki na wata uku, ki tafi da wadda ke jin Yarbanci, sannan ki karɓi takardar kayan haihuwa da wuri ki riƙa saye kaɗan-kaɗan don kayan sun yi tsada yanzu.